Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa: Rabin Maganin Friedman da Rabin na Keynes Kuka Ba Mu

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Shugaban Ƙasa, shugaban wannan majalisa, da Masu Girma Gwamnoni 36, da Gwamnan Babban Bankin Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙa gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri. Allah ya ja zamaninku, ya sa ku gama da jama'a lafiya.

Ni tsohon malamin sakandare ne a Kano. Shekara 31 na yi ina koyar da darasin tattalin arziki kafin in yi ritaya. Yanzu ni ke riƙe da littafin adashin wasu maƙwabtana, mu 24: masu injin niƙa biyu, teloli, direbobin adaidaita sahu, wata baiwar Allah mai ƙosai da kunu, sai tsofaffin malamai irina masu zaman jiran fansho. Da yawunsu nake magana, kuma su suka matsa mini in rubuta. Na zaɓi majalisarku ne saboda a nan ne masu kashe kuɗin gwamnati da mai kula da buga kuɗin suke zama a zaure ɗaya.

Ranku ya daɗe, matakan da aka ɗauka tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 ba daga sama suka faɗo ba. Cire tallafin mai, sakin naira kasuwa ta yanke mata daraja, ƙara kuɗin ruwa, cin bashi domin manyan ayyuka, duk suna da malaman da suka koyar da su. Biyu daga cikin malaman nan sun fi kowa tasiri a ƙarni na 20, wato John Maynard Keynes da Milton Friedman. Na koyar da ra'ayoyinsu shekara da shekaru, kuma abin da nake gani yau shi ne an ɗauko daga kowannensu abin da ya yi wa gwamnati daɗi, an zubar da sharaɗin da ya gindaya wa gwamnatin. Kowane ɗayansu ya haɗa maganinsa da abin da za a sha shi da shi. Mu ɗacin kaɗai ya iso gare mu, har sau biyu.

Ku yi mini haƙuri in gabatar da su a taƙaice, domin masu karatu da ba su san su ba.

Keynes mutumin Ingila ne, an haife shi a Cambridge a 1883, ya mutu a 1946. A gaban idonsa tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, har ta kai a 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka ba shi da aikin yi. Masanan lokacin suka ce a ƙyale kasuwa, albashi zai sauka, komai zai daidaita da kansa. Keynes ya ce a'a. Hujjarsa mai sauƙi ce: abin da wani ya kashe, shi ne samun wani. In magini ya rasa aiki, zai daina sayen nama. Mahauci zai rage yanka, makiyayi zai rasa ciniki, tela zai wuni bai taka keke ba. Kowa ya ƙanƙame ɗan abin da ke hannunsa saboda tsoro, tsimin da yake alheri ga gida ɗaya ya zama annoba ga gari duka. A irin wannan hali, in ji shi, kasuwa za ta iya kwanciya shekaru ba ta tashi ba, don haka gwamnati ta ci bashi ta ɗauki mutane aiki, kuɗin ya zaga hannu zuwa hannu har ciniki ya farfaɗo. Wannan ne ƙashin bayan babban littafinsa na 1936. Kafin littafin ma, a ranar ƙarshe ta 1933, ya rubuta wa Shugaba Roosevelt buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar New York Times a kan wannan batu.

Friedman Ba'amurke ne, ɗan baƙin haure, an haife shi a New York a 1912, ya koyar a Jami'ar Chicago kusan shekara 30, ya karɓi kyautar Nobel a 1976, ya mutu a 2006. Shi ma karayar 1929 ɗin ya duba, amma wani abu daban ya gani. A binciken da suka wallafa da Anna Schwartz a 1963, sun nuna cewa kuɗin da ke yawo a Amurka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1929 da 1933, babban bankin ƙasar yana kallo dubban bankuna suka durƙushe. A wurinsa laifin na hukuma ne, kasuwa ba ta da laifi. Daga nan ya gina koyarwarsa: hauhawar farashi mai ɗorewa tana zuwa ne idan kuɗi ya riƙa ƙaruwa fiye da kayan da ake samarwa. Maganin shi ne a ɗaure babban banki da ƙa'ida, kuɗi ya ƙaru da ɗan kaso ƙayyadadde kowace shekara, gwamnati kuma ta cire hannu daga ƙayyade farashi. Tun 1953 ya yi kira da a saki kuɗaɗen ƙasashe kasuwa ta tantance darajarsu, a lokacin da kusan duk duniya take kan ƙayyadadden canji. A 1967 ya yi gargaɗin cewa ba za a iya sayen ayyukan yi da hauhawar farashi ba sai na ɗan lokaci, kuma shekarun 1970 suka gaskata shi, lokacin da tsada da rashin aikin yi suka haɗu wa Amurka da Birtaniya.

Ana yawan nuna su kamar wuta da auduga. Amma akwai inda bakinsu ya zo ɗaya, kuma nan ne ya fi shafar mu. Keynes ya rubuta a 1919 cewa ta hanyar hauhawar farashi gwamnati za ta iya ƙwace dukiyar jama'arta a ɓoye ba tare da an lura ba. Friedman ya kira ta harajin da ba majalisar da ta zauna ta amince da shi. Ni da fanshona muna iya ba da shaida a kan wannan.

Kokenmu na farko a kan tallafin mai da naira ne. Ba zan yi muku rufa-rufa ba, ina cikin waɗanda suka yarda tsohon tsarin ya ruɓe. Tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, ana kwasar man ana tsallaka iyaka da shi, mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa amfana. Canji kuma farashi biyu ne, mai uwa a gindin murhu ya karɓi dala a farashin hukuma ya kai ta wurin 'yan canji ya kwashi riba bai motsa ko tsinke ba. A kan wannan Friedman ya yi gaskiya. Duk inda hukuma ta sa wa kaya farashin da bai kai na gaskiya ba, layi da kasuwar bayan fage da alfarma su ne ke biyo baya. Mu Musulmi ma mun san hadisin da sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi, kamar yadda muka san ya hana ɓoye kaya don su yi tsada.

To amma ku dubi abin da ya biyo baya. Litar man da take ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Yulin 2023, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. Dalar da take kusan naira 460 a kasuwar hukuma kafin tsakiyar Yunin 2023 ta kai wajen 1,500 a Fabrairun 2024. Hauhawar farashi ta tashi daga kashi 22.41 a Mayun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Wannan duk ya sauka ne a kan ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikinta suna fama da talauci ta fuskoki da dama, miliyan 86 daga ciki a Arewa.

Shin Friedman ya ce a saki farashi a bar talaka da halinsa? Bai ce ba. A littafinsa na 1962 ya kawo shawarar cewa duk wanda samunsa bai kai wani mizani ba, maimakon ya biya haraji, gwamnati ce za ta cika masa da tsabar kuɗi, a kai a kai, bisa doka. Ya fifita kuɗi a hannu a kan rabon kaya, domin uwar gida ta fi kowane jami'i sanin ko gero take buƙata ko maganin zazzaɓi. Mu abin da muka samu shi ne sanarwar naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, aka soma a Oktoban 2023, aka dakatar a Janairun 2024, daga baya aka ci gaba da ɗingishi. Ko an biya duka, naira 75,000 ke nan, kuma akwai lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi haka. Cikin mu 24, mutum ɗaya ce ta taɓa ganin alat. Sauran tallafin kuwa tirelolin shinkafa ne da ake turo wa jihohi, a raba a gaban kyamara, ɗan kwano ya isa ga wanda ya san wani. A Disambar 2024 sama da mutum 60 suka mutu a turereniyar karɓar abincin sadaka a Ibadan da Abuja da Okija, da yawansu yara. Waɗannan tarukan ba na gwamnati ba ne, amma yunwar da ta fito da mutane tun asuba su yi layi kowa ya san inda ta samo asali.

Koke na biyu ya fi ci mini rai, domin a nan ne aka hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. Sashe na 38 na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya cikin shekarar. Aka yi ta ɗiba har ya kai naira tiriliyan 22.7, a Mayun 2023 Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Wannan shi ne ainihin abin da Friedman ya shafe rayuwarsa yana yaƙa: gwamnati ta kashe abin da ba ta da shi, banki ya buga mata. Da tsadar ta zo, sai aka ɗauko sandarsa. Kuɗin ruwa na Babban Banki ya tashi daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin 2024, kason ajiyar da ake tilasta wa bankuna su kulle ya kai kashi 50.

Wa sandar ta samu? Ɗaya daga cikin masu injin niƙanmu ya ga dizal na cinye masa riba, ya je wani banki neman rancen da zai sa sola. Aka ce masa ruwan zai haura kashi 30, ga jingina. Ya dawo ya ce mini, ko da addini bai hana ba, lissafi ya hana. Yanzu yini uku yake tayar da injin a mako, yaransa biyu ya sallame su. Su kuwa bankunan ba su rasa komai ba, domin takardun bashin gwamnati sun riƙa biyan sama da kashi 20 a 2024, ba haɗari ba zirga-zirga. Don me za su ba mai niƙa? Keynes ya yi fatan ganin ranar da ruwa zai yi ƙasa har mai zaune yana cin riba daga kuɗi kawai ya rasa abin ci. Mu a nan shi ne ya fi kowa ƙiba. Shi kansa Friedman ya sha faɗa cewa tsadar ruwa yawanci alama ce ta an riga an yi sakaci da buga kuɗi, abin lura shi ne yawan kuɗin da ke yawo. Namu ya haura naira tiriliyan 100 a 2024, kodayake wani ɓangare na ƙaruwar ya zo ne daga faɗuwar naira da ta kumbura ajiyar dala.

Sannan akwai abin da lissafin Friedman bai hango ba, domin bai rubuta don ƙasa irin tamu ba. Manomin Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, ko suka sa masa haraji kafin ya girbe, ba kuɗin ruwa ne ya hana shi noma ba. Ko an kai ruwan kashi 50, damin dawa ɗaya ba zai ƙaru ba.

Koke na uku naku ne, Masu Girma Gwamnoni, kuma a nan Keynes ne zai tuhume ku. Tun bayan cire tallafi, abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa haura naira tiriliyan ɗaya a wata. Kuɗin da aka cire daga aljihun direban adaidaita sahu a gidan mai, wani kaso nasa asusunku ya shigo. Ana kuma ci gaba da cin bashi, a ce ai ƙasashen da suka ci gaba ma suna ci. Gaskiya ne, Keynes ya halatta giɓi a kasafi. Amma ya sa sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko, lokaci. A 1937 ya rubuta cewa lokacin wadata shi ne lokacin da baitulmali zai tsuke bakin aljihu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a gare mu, kowane almajiri ya karanta shi a Suratu Yusuf: shekara bakwai na yalwa a tara a bar hatsi cikin zangarniyarsa, domin shekara bakwai na fari. Mu me muka yi da shekarunmu na yalwa? Da kuɗin mai ya ɓarke bayan 1973, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, har da ariyas, aka cika tashar Legas da jiragen siminti, hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 1975. Ina ɗalibi a lokacin, na tuna yadda rediyo da babur suka ƙare a kanti. Asusun rarar mai da aka buɗe a 2004 ya taɓa kai wa kusan dala biliyan 20, kuma shi ya rufa mana asiri a rikicin kuɗi na duniya na 2008. Aka yi ta matsa lamba a raba, gwamnoni na gaba-gaba, har a 2022 abin da ya rage bai kai dala miliyan ɗaya ba. Da fari ya zo, rumbun wayam.

Sharaɗi na biyu, inda kuɗin zai faɗa. Ƙarfin maganin Keynes yana cikin zagayawar kuɗi. Naira dubu da aka ba lebura yau, kafin magariba ta isa hannun mai kayan miya, gobe tana wurin manomi, jibi tana wurin maƙeri. Naira biliyan da aka sayo motocin alfarma da ita daga waje kuwa, zagaye ɗaya take yi ta fice, ta kuma ƙara wa dala tsada a hanyarta ta fita. Gadar sama a babban birnin jiha tana da kyau a hoto, amma injina ne ke gina ta, ƙarfenta da kayan aikinta rabi daga waje. Da wannan kuɗin nawa za a yashe na madatsun ruwa da magudanan noman rani a Tiga da Kadawa da Bakolori da Goronyo, da hannun samarin da ke tafiya ci-rani ko zaman kashe wando? A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri. Gyaran irin waɗannan wurare shi ne aikin da ke ɗaukar dubban hannaye, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Friedman yana da wata magana da ta dace a nan. Ya ce mutum ya fi taka-tsantsan idan kuɗinsa yake kashe wa kansa, ya fi sakaci kuma idan kuɗin wani yake kashe wa wani, wanda shi ne halin gwamnati. A fahimtata, da zai ga an cire tallafi an miƙa rarar ga gwamnatoci su ƙara faɗaɗa hidimarsu, ba zai kira wannan gyara ba. Wannan kuma shi ne raunin Keynes da na sha gaya wa ɗalibaina. Ya yi zaton masu riƙe da baitulmali za su kasance irin ma'aikatan da ya sani a Landan, masu ci bashi yau su biya gobe. Bai yi lissafin ɗan siyasar da zaɓe ke gabansa ba.

Koke na huɗu gajere ne, batun rumbu. A 1938 Keynes ya rubuta maƙala yana ba gwamnati shawarar ta riƙa ajiye abinci da ɗanyun kaya domin rage hawa da saukar farashi. A Fabrairun 2024, da yunwa ta yi tsanani, aka ba da umarnin fito da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan tarayya. A raba wa mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu rubu'in kilo ba. Daga baya aka buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji, farashi ya sauka, mai saye ya ɗan numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da asara. Wanda ya yi asara bana, baɗi zai rage gona.

Na biyar shi ne kalmar da muka fi ji: a yi haƙuri, daɗi na nan gaba. Ba na musun cewa an ga wasu alamu. Tazarar da ke tsakanin canjin hukuma da na kasuwa ta ragu ƙwarai, naira ta ɗan natsu, alƙaluman hauhawar farashi sun sauko a 2025. Na yaba. Sai dai saukar alƙaluman na nufin gudun tsadar ne ya ragu, kuɗin mota da na haya da na magani suna nan inda suka hau, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuma a dala bai kai 30,000 ɗin 2019 ba. Shahararriyar maganar Keynes ta 1923, cewa kafin dogon lokacin da ake jira ya zo duk mun mutu, martani ce ga masanan da aikinsu kawai su ce in guguwa ta wuce teku zai kwanta. Yaron da aka cire daga makaranta bana, ko wanda tamowa ta tsumburar da shi yana shekara biyu, ba ya dawowa daidai don alƙaluma sun gyaru bayan shekara biyar.

Mun taɓa jin wannan haƙurin. A 1986 aka kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin wancan lokaci, aka buɗe kasuwar canji a Satumba, nairar da ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980 ta koma sama da uku a dala ɗaya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Aka ce masana'antunmu za su tashi. Na ga masaƙun Kaduna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, na ga unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Bompai da Challawa, sun yi tsit, domin ba wuta, ga kayan waje sun cika Kantin Kwari. Ko a ƙasashen da ake buga misali da su, maganin Friedman bai zo da sauƙi ba. Paul Volcker, shugaban babban bankin Amurka na lokacin, ya sauko da hauhawar farashi a ƙasar daga kashi 13.5 a 1980 zuwa kusan 3 a 1983, amma rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, kuma a can wanda ya rasa aiki yana da alawus da tallafin abinci da doka ta tanadar masa. A Chile, inda Friedman ya je a 1975 ya ba da shawarar a yi yankan lokaci ɗaya, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 13 a shekarar, kuma soja ne ke mulki, ba mai ikon cewa uffan. Ku zaɓaɓɓu ne, kun kuma ga zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a titunan Kano da Kaduna a farkon Agustan 2024.

In kun tambaye ni wanne zan bi, zan ce a kan buga kuɗi da farashi biyu na canji, Friedman ne malamina, ba na so a koma gidan jiya. A kan aikin yi da rumbu da saurin kai ɗauki, Keynes ya fi shi fahimtar halin da mai ƙosai take ciki idan cinikinta ya ragu da rabi saboda masu sayen sun koma cin abinci sau ɗaya. Ba dole ne ku yarda da ni ba. Abin da muke roƙo shi ne duk wanda kuka ɗauka, ku ɗauke shi da sharaɗinsa. Ga buƙatunmu.

Kowane gwamna ya riƙa bayyana duk wata abin da jiharsa da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa daga rabon tarayya da abin da aka yi da shi, a rediyo, da harshen da jama'a ke ji. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye a aiwatar da shi.

A mayar da tallafin kuɗi ga marasa ƙarfi doka, da kaso ƙayyadadde daga rarar tallafin mai, a riƙa biya duk wata, a riƙa daidaita shi da tsadar abinci. A kafe sunayen a ƙofar mai unguwa da dagaci kowa ya gani, a samar da hanyar biyan wanda ba shi da asusun banki, domin su ne suka fi yawa a ƙauyukanmu. Rabon shinkafa a tirela a daina.

Kowace jiha ta kafa shirin aikin rani da zai ɗauki duk mai son aiki a kan ladan yini: yashe madatsai da magudanai, gyaran hanyoyin ƙauye, dashen itatuwa, gyaran azuzuwa. Indiya ta kafa doka a 2005 da ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara. Mu fara ko da 50 ne. Kafin a aza tubalin wata sabuwar gadar sama, a biya bashin fansho da giratuti, domin wannan kuɗi ne da zai shiga kasuwa a ranar da aka biya shi.

Gwamnan Babban Banki ya riƙa sanar da jama'a duk wata nawa gwamnati ta karɓa rance daga bankin, kada a sake tsallake iyakar doka. Gwamnatoci su rage cin bashin cikin gida da ke janye kuɗi daga hannun 'yan kasuwa, a kuma faɗaɗa hanyoyin jari marasa ruwa ga masu ƙananan sana'o'i.

A sayi hatsi daga manoma da kaka a kan farashin da aka sanar tun kafin shuka, a cika rumbuna, a fitar da bazara, a riƙa bayyana abin da ke ciki. Kuɗin tsaron gonaki kuma a lissafa shi cikin yaƙi da tsada.

Daga ƙarshe, majalisarku ta amince da wani kaso da za a riƙa cirewa a ajiye kafin a yi rabon wata, wanda ba gwamna ko shugaban da zai taɓa sai farashin mai ya faɗi ƙasa da abin da aka yi kasafi a kai. Ku da kanku za ku fi jin zafin wannan, shi ya sa muka kawo shi gabanku.

Adashinmu da muke zuba naira 5,000 duk mako mun mayar da shi 2,000, kuma mutum huɗu sun nemi a ɗage musu zubi har bayan kaka. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata muke zama bayan la'asar. Na yi musu alkawarin duk amsar da ta fito daga gare ku, ko a jarida ko a rediyo, zan karanta musu ita a zaman.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin tattalin arziki, a madadin 'yan adashin unguwarmu, Kano.